Kifin Inna Barira ya zo goyon ciki

Duk wanda aka haifa a unguwarmu ta Jibiya kafin 'yancin kai, in ka tambaye shi wa ya yanke masa cibiya, da wuya bai ce Inna Barira ba. Ungozoma ce, 'yar gajeruwa, muryarta ta fi jikinta. Ba ta iya lallashi ba. Mace na naƙuda tana kiran iyayenta, sai Inna ta ce mata ta adana numfashin, akwai aiki a gaba. Amma hannunta na da sanyi, kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. In ta dubi ciki ta ce saura kwana uku, to a nemi itacen wankan jego. Ni ma ita ta karɓe ni, sunana Safiyatu, kuma har yau ba na son a faɗi laifinta a gabana.

Kifin ya shigo mata ne ta hannun ƙanenta Manu, wanda ya yi shekaru yana kuku a Maraɗi, gidan wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa. Da mutumin zai koma ƙasarsu, wajen 1956, sai ya bar wa Manu akwatin gilashi cike da ruwa da ƙananan kifaye. Manu ya rage ruwan, ya rungume akwatin a cinya, ya hau motar gyaɗa. A bakin iyaka 'yan duwan na Faransa suka leƙa, 'yan kwastan na Ingila suka leƙa, aka rasa wanda zai ce kaya ne, ko dabba, ko abinci. Suka yi dariyarsu suka ce ya wuce.

Kifayen iri uku ne. Akwai masu zane-zane da ba sa zama wuri ɗaya, akwai wani mai gashin baki da ke kwance a ƙasa kamar maigida bayan tuwo, sai kuma waɗanda Manu ya ce Nasara na kiransu gufi. Mazan ba su kai ƙaramin yatsa ba, amma wutsiyarsu ja da shuɗi sai ka ce an rina. Matan sun fi girma, ba ado ko kaɗan. Manu ya ga ba zai iya da hidimarsu ba, ya kai wa yayarsa. Ita ko mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi aure, sai ta ajiye akwatin a inuwar rumfarta. Tana ba su dusa mai laushi, tana tsamo musu 'ya'yan sauro daga tsohuwar randa, tana sake musu ruwan rijiya da ya kwana.

Wata safiya ta shigo gidajen maƙwabta tana cewa kifinta ya haihu, ba ƙwai ba, ɗa da ransa da idanunsa. Mata suka yafa zane suka bi ta. Da aka je, babu komai a ruwan sai manyan. Bayan wata guda ta sake kira, aka sake zuwa, aka sake tarar da wayam. Abin da ba ta sani ba a lokacin shi ne, kafin ta je ta dawo sauran kifayen sun haɗiye jariran, har uwar da ta haife su ma da ita ake haɗiyar.

Maganar ta kai kunnen Babana, wanda shi ne Sarkin Ruwa, shugaban masuntan gari. Tun yana yaro yake jefa birgi a gulbi da damina, da rani ya bi tafkuna har cikin ƙasar Faransa, wajen Maraɗi. Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, wani ya tsokane shi a rumfar kifi. Baba ya ɗaga tarwaɗa ya ce: "Kihin da na hwarke ciki ya hi gashin kaina. Ƙwai nika gani. In ma ta ga wani abu, daga baki ya hito, kamar na karhwasa mai ɓoye ɗiyanta a baki. Tsuhwa ce ta kama ta. Wadda ke ganin haihuwa inda babu, ƙaƙa za a ba ta ta gaske?"

Ina son Babana, amma wannan magana ba ta yi ba, kuma na sha gaya masa daga baya. Maganar Sarkin Ruwa a kan kifi ba a musa ta. Kafin a ci kasuwa biyu, an yi haihuwa uku a unguwa ba a kira Inna Barira ba. Matan da ta kwana a kansu suka koma gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa, irin gaisuwar da ake yi wa mai taɓin hankali. Wata maƙwabciya ta ba ta shawarar ta fito ta ce wasa take yi, ko ta zubar da kifayen a huta. Inna ta ce: "Shekara talatin ina kallon abin da maza ba su iya kallo. Na san haihuwa in na gan ta. Ba ni janyewa."

A lokacin ne aka kawo ni gida daga Daddara goyon ciki, cikin fari, kamar yadda aka saba. Ina jin tsoro ƙwarai, kuma Inna Barira kaɗai zuciyata ta yarda da ita. Baba ya ce ba za ta taɓa masa ɗiya ba, za a ɗauko wata daga Farfaru. Na yi kuka, innata ta yi magiya, ya ce ya gama magana.

Ita ko Inna Barira ba ta je ta ba kowa haƙuri ba. Ta zauna gaban akwatinta tana duban kifi kamar yadda take duban mata. Ta gane baƙin tabon da ke kusa da wutsiyar macen gufi yana ƙara duhu in ciki ya tsufa. Ta gane in abin ya matso, cikin kan sauka ya yi kusurwa, mai shi ta ƙi abinci ta raɓe a lungu. Wata rana kuma ta ga ɓarnar da idonta, mai zane ya cafke jariri tun bai san inda yake ba. Ta aika aka ɗebo mata kainuwa daga tafki ta zuba a kan ruwan, don 'ya'yan su sami saiwoyin ɓuya. Shida suka tsira. Aka gaya wa Baba, ya ce ai a cikin kainuwar aka kwaso su.

Ranar wata Laraba da hantsi ina tsakar gida na ji muryarta a zaure, inda Baba da abokansa ke gyaran komar kamun kifi. Na lallaɓa na leƙa ta jikin zana. Tana tsaye da sabuwar ƙwarya a hannu, rufe da faifai.

"Maharazu!" ta ce. Ba wanda ke kiran sunansa tsirara a garin nan, amma ita ta goya shi yana ƙarami. "Ga ɗiyata na kawo maka goyon ciki. Gidana ba ta da kwanciyar hankali, maƙwabta na cinye mata ɗiya. Kai ne uban kihi, gidanka za ta haihu."

Mazan suka fashe da dariya. Baba ya ce ta yi wa Allah ta koma gida, zaure ba wurin mata ba ne. Ta ajiye ƙwaryar a gabansa ta buɗe. Kifi ɗaya tak a cikin ruwa garau, ba kainuwa, ba komai. Ta ce ya duba da kyau, ya sa hannu ya shafa ƙwaryar in yana so, kada gobe a ce da wani abu ta zo. Sa'an nan ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa ta zauna.

Ranar ba abin da ya faru. Da magariba ta ce ƙwaryar ta kwana a ɗakin Baba, a hannunsa, don kada a ce ta yi wani siddabaru. Alhamis ta dawo tun da sassafe da 'yar furarta. Labari ya bazu, direbobin gyaɗa da ke jiran a duba musu takarda suka riƙa zuwa kallo, har da wani ɗan kwastan. Wasu na tambayarta ko an sa ranar suna. Ta ce in an sa za a kai musu goro. Ni kam ina bayan zana, na san in kifin nan ya mutu ko ya ƙi haihuwa, ta gama ke nan a Jibiya.

Juma'a da hantsi ta leƙa ƙwaryar, ta ɗaga hannu. "Ku yi shiru. Maharazu, matso."

Baba ya durƙusa. Kifin ya tsaya cak a gefe yana karkarwa. Sai ga wani ɗan abu ya faɗo daga ƙarƙashin cikinsa, a dunƙule, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya nutse kaɗan, ya miƙe, ya buga wutsiya ya yi sama. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Can uwar ta juya ta nufi ɗaya da baki buɗe, sai na ga Babana, mutumin da ya yi shekara arba'in yana kashe kifi, ya tsoma tafin hannunsa ya tare tsakaninsu, yana cewa a miƙo masa ludayi maza.

Da aka kwashe jariran goma sha bakwai, ya share hannu a riga ya ce a hankali: "Na gani, Yaya Barira."

"Ba nan ka yi maganar ba," in ji ta. "A kasuwa ka yi ta."

Ranar Lahadi ya tsaya a rumfar kifi ya faɗa da ƙarfi cewa ya yi kuskure, kifin Barira haihuwa yake. An ce sai da ta sa ya maimaita, wai na bayan rumfa ba su ji ba. Wasu sun ce ta cika riƙo. Ni ban ga riƙo ba, abin da aka ɗauka a gaban jama'a ne aka mayar a gaban jama'a.

Kwana tara bayan haka naƙuda ta kama ni da la'asar, Baba da ƙafarsa ya je kiranta. Na sha wuya, don cibiya ta naɗe wa yaron wuya, kuma idon nan da aka ce ya tsufa shi ya gano, hannun nan ya warware. Da ya yi kuka, innata ta miƙe za ta kai albishir zaure. Inna Barira ta ce ta zauna. Ta goge yaron ta naɗe shi a zane, ta fita da shi da kanta, abin da ba a yi. Ina kwance na jiyo Baba yana tambaya ko mace ce ko namiji, ko ina lafiya.

"Ɗiyarka lahiya lau," in ji ta. "Sauran kuwa, buɗe ka duba da idonka. Kada a ce ni na ce."