Ranar da Aka Sa Ni Sallar Gawar Aminina

Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin gona ne. Na yi aiki a yankin Minjibir har na tsufa a kan babur, daga wannan ƙauye zuwa wancan, ina nuna wa manoma yadda ake zuba taki da feshin wake. Saboda aikin nan kowa Malam yake ce mini, ni kuma ina amsawa. Amma gaskiya karatuna na allo ya tsaya tun ranar da aka sa ni a boko. Ina salla, ina azumi, sai dai abin da ke kaina bai wuce gajerun surori ba. Duk sanda mai ɗakina ta yi mini maganar komawa karatu, sai in ce ta bari in yi ritaya, lokacin zan samu sukuni.

Ritayar kuwa, a ganina, na shirya mata. Na sayi gona, na tara tumaki, na yi wa ɗakuna rufin kwano. Sai ga shi ta zo a shekarun nan na tsanani. Hatsi ya yi tsada, taki ya gagari talaka, fansho kuma sai an ga dama. Sukunin da nake jira bai zo ba, kullum tunanina abin da za a ɗora a murhu. Ina da amini tun ƙuruciya, malamin firamare ne, kusan tare muka ajiye aiki. Muka yi shawara idan an kawar da amfanin gona za mu fara zuwa zauren limamin garinmu ɗaukar karatu. Gero bai ko fitar da kai ba aka tsinci aminin nawa kwance a gonarsa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

A ranar liman ya kai 'yarsa asibiti a Kano, na'ibinsa kuma ya tafi ta'aziyya Ɗanbatta. Aka yi wa mamacin sutura, aka ajiye makara a ƙofar gida. Hadari ya haɗo gabas, ba halin jira. Sai babban ɗansa ya durƙusa gabana ya ce, "Baba, kai ne amininsa, kuma kai ne Malam. Ka yi masa salla." Na duba, duk idon jama'a a kaina yake. Da na ce ban iya ba, na san ba za a rasa mai iyawa a cikin sahu ba, amma kunya ta rufe mini baki. Na wuce gaba. Na yi kabbara, na lalubi addu'ar da ake yi wa mamaci a kaina, babu ita, don ban taɓa koya ba. Duk jana'izar da na je a rayuwata, bin liman kawai nake yi. Na tsaya ina kallon likkafanin mutumin da muka yi wasan ƙasa tare, ina ta maimaita Allah ka ji ƙansa da Hausa, har na cika kabbarori huɗu na sallame. Aka ɗauke shi, mutane suna yi mini godiya.

Godiyar nan ta fi komai damuna, don babu wanda ya san abin da ya faru sai ni da Allah. Abinci ya daina shiga. Na daina bi ta hanyar maƙabarta, ko da zan yi zagaye mai nisa zuwa gona. Ina cikin noma sai gabana ya faɗi, in ce ko na bar bawan Allah ya tafi ba salla, ko kuma ni ma yau a gonar za a tsince ni. Mai ɗakina ta zaci hawan jini ne, har ta fara jiƙa mini magani. Da abin ya ishe ni, na sami liman shi kaɗai bayan la'asar na faɗa masa komai. Ya ce tunda na cika kabbarori kuma na roƙa wa mamacin rahama, in kwantar da hankalina. Amma ya ce kada in sake karɓar abin da ban iya ba don gudun idon mutane, kuma gobe da hantsi yana jira na a zaure.

Na je, kuma har yanzu ina zuwa. Sai dai yanar ido ta fara rufe mini gani, baƙaƙe haɗewa suke yi, da kunne nake ɗauka. Abin da aka biya mini da safe, kafin yamma rabi ya zube.

'Yan'uwa ma'aikata, ku tanadi gona da dabbobi, babu laifi. Amma kada ku ajiye sanin addininku sai ranar da kuka bar ofis. Ba kowa ke kaiwa ba, wanda ya kai ma ba da idonsa da ƙwaƙwalwarsa na yau zai kai ba. Ku nemi malami a makon nan. Wanda kuma ya karanta wannan, don Allah ya yi wa aminina addu'ar da ni na kasa yi masa.