Tsohuwar Motar Soja a Burtalin Bayan Kunci

Ana sallame sallar asuba muka bar Dawanau, ni da yayana, da buhunan takin zamani a bayan tsohuwar motar sojan nan da kuke yi mini dariya a kanta. Manoman wani ƙauye za mu kai wa, can bayan Kunci, inda tun saukar damina ba motar da ta yarda ta shiga. Geronsu ya fara rawaya, taki suke jira.

Ba son tafiya ne ya sa yayana ya biyo ni ba. Motar tamu ce mu biyu, a gwanjo muka saye ta bayan mun sayar da gonar gado, shi kuma ya gaji da ita. Ya nemi mai saye ya rasa, ya koma wajen masu yankan ƙarfe. Ƙarara ya gaya mini: in ta kafe a wannan tafiya, a kilo za ta tafi. Ni kuwa ban da tuƙi ba abin da na iya. Makaranta tun a hanya na ajiye ta, gemu ya yi furfura, wa zai ɗauke ni aiki yanzu?

A Bichi muka tsaya karyawa. Koko ya zama ruwa, ƙosai ya koma kamar ƙwallon goruba, mai tuyar ma haƙuri ta ba mu kafin ta faɗi kuɗin. Daga nan har Kunci gonaki ne ƙugu da ƙugu, gero da dawa da gyaɗa, ba inda za ka ajiye ƙafa ba ka taka shukar wani ba. Mutane sun rame, amma kowa na duƙe da fartanya.

Muna barin kwalta muka faɗa burtali, irin hanyar shanun nan mai danga hagu da dama. Ruwan jiya ya kwanta a wani kwari. Na san abin da zai faru. Ƙafa shida gare ta, amma taya biyu ne kawai masu haƙora, na soja na asali. Tun lokacin da yake neman mai saye yayana ya sa aka ɗaura su a gaba, wai don a gani a yaba. Alhali ƙarfen da ke juya ƙafafun gaba mun daɗe da cire shi saboda shan gas, baya kaɗai ke ja, kuma tayoyin bayan sun sule kamar tafin hannu. Ga mai faci ya ɗura musu iska sun yi tauri kamar dutse, yadda muke yi wa motar kwalta.

Ta shiga taɓo ta yi ta juyi a wuri ɗaya, har ta zauna.

Yayana ya leƙo ya ce, "To direban soja, mun iso ke nan? Ka ja da baya ka fasa dangar nan, ka bi ta gona."

Mai gonar, wani dattijo, yana tsaye da fartanya a kafaɗa. Kallonmu kawai yake yi.

Na ce, "Yaya, taki muka kawo wa gero, ba mu zo taka shi ba. Sauko ka riƙe mini jak."

Dattijon ya yi dariya, ya ƙwala kira. Kafin mu gama tono wurin kafa jak, mutane sun fito daga gonaki kamar ana gayya. Taya ɗaya sai ƙarti uku suke mirgina ta. Muka kwance masu haƙoran muka mayar baya, sulallun suka dawo gaba. Sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya ina sace iska, har cikinsu ya bazu a ƙasa. Yayana na ta salati, wai zan kashe tayoyi. Dattijon da kansa ya zare tsohon kara daga dangarsa ya shimfiɗa mana.

Na sa giyar ƙarfi, ban taka mai da yawa ba. Ta yi nishi, ta ciji ƙasa, ta fito tana rarrafe kamar raƙumi ya tashi da kaya. Ko ganye ɗaya ba mu taɓa ba.

A ƙauyen kwaɗon rama suka kawo mana da fura, suna ba da haƙuri wai ba yawa. Na daɗe ban ci abin da ya zauna mini haka ba. Suka roƙe mu mu dawo da kaka mu kwashe musu wake da gyaɗa, don a kan jakuna suke fitarwa.

Da muka dawo bakin kwalta na jona tiyo a tankin iskar birki na cika tayoyin. Da la'asar muka shigo Dawanau.

Abin da na koyo ba shi da yawa: taya mai haƙora wurinta inda ake ja, kuma iskar kwalta daban, ta taɓo daban. Ina kashe mota yayana ya sauko, farar shaddarsa duk laka, ya zagaya ta sau ɗaya. Ya ce, "Wai ƙarfen gaban nan da muka cire, yana ina?"

Na ce yana ƙarƙashin gadona.

Ya ce, "Fito da shi kafin kaka."