Ƙunshin Alkakin Baba

Baba ba mutum ne mai magana ba. Yana aikin En'e a Kankiya zamanin Turawa, kuma in yana son mutum, alkama yake saya masa. A lokacin sai mai hali ke cinta. Ba ya shigowa gida hannu sake: yau alkaki, gobe funkaso, duk na Inna.

Ita kuwa Inna kullum ba lafiya. Cikinta bai cika damunta ba, shi ya sa ba wanda ya zargi abinci. Ƙuraje masu ƙaiƙayi ne ke feso mata a gwiwar hannu da ta ƙafa, ga ciwon kai, ga gaɓoɓi. Sai ta sa gishiri a miya ta manta ta sake sawa, mu ci muna satar kallon juna. Aka yi rubutu, aka yi turare. Jikin na ƙara tsanani, Baba na ƙara yawan alkakin, don mara lafiya ai daɗi ake ba shi.

In abin ya yi yawa, sai a kai ta Kusada wajen kakata, ni ma a haɗa da ni. Can ba abin da ake ci sai tuwon dawa da fura. Kafin wata ya zagayo, Inna ta murje har tana daka. Mutane kuwa bakinsu ba ya ciwo, suka ce gidan mijin ne ba ta so. Maganar ta kai kunnen Baba, kuma na san ta yi masa zafi.

Wata Juma'a ya zo Kusada a kan kekensa, da ƙunshinsa kamar kullum. Ya durƙusa gaban kakata ya ce, "Iya, in nan ne lahiyarta, ta zamna. Ba ni riƙe ta tana wahala."

Inna tana bayan zana tana ji. Ta ci alkakin nan tana hawaye, ni ma na taya ta kukan. Kwana bai yi nisa ba ƙurajen suka dawo, a Kusadar da aka ce ita ce magani. Kakata ta aika a kira shi.

"Malam, ba gidanka ba ne," in ji ta. "Abin hannunka ne. Nan ma ya biyo ta."

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Muka koma Kankiya. Ranar farko da ya taso daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa ba ƙunshi, ya rasa inda zai sa hannuwan. Tausayinsa ya kama ni. Inna tana kan tabarma tana tsince tsakuwa a geron da ke faifai. Ta matsa ta ba shi wuri. Ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya zauna, ya jawo faifan.