Dokin Yumɓu na Ramfal

Duk shekara idan ni da ɗalibaina muka iso darasin tarihin mutanen dā na ƙasarmu, nakan ja layi a tsakiyar allo. A hagu in rubuta mutanen Harappa, a dama mutanen Veda. Na hagu sun gina birane da gasasshen tubali, sun haƙa magudanan ruwa, amma rubutunsu har yau an rasa mai karanta shi. Na dama makiyaya ne, arzikinsu shanu, abin alfaharinsu doki. Ba su bar wani gini na a-zo-a-gani ba, sai waƙoƙin ibada da baki ya riƙa miƙa wa baki har suka iso gare mu. Yara suna kwafa, ni kuwa raina yana ɓaci, don ba na ganin kowa a allon nan sai babana da Baffa Omdat.

Babana Ramfal maginin tukwane ne. Gidanmu yana gindin tudun ƙauyenmu a jihar Haryana, wanda wani tsohon birnin mutanen Harappa ke kwance a ƙarƙashinsa. Bai taɓa shiga aji ba, amma in ruwan sama ya wanke tudu ya tsinci tsingaro, sai ya shafa ya ce, "Bahago ne ya gina wannan, kuma sauri yake yi." Masu kula da tudun suka ba shi izinin kafa rumfa a bakin ƙofa, yana sayar wa baƙi kwaikwayon abin da aka tono: 'yan bijimai da 'yan amalanke na yumɓu. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya ce wa kowa tsofaffi ne. Shi da ko sunansa bai iya rubutawa ba, a ƙasan kowane abu yakan danna babban yatsansa tun yumɓun yana ɗanye, kamar yadda ubansa ke yi. Sa hannunsa ke nan, mutuncinsa ke nan.

Baffa Omdat kuwa ɗan gidan masu kunna wutar ibada ne, su ake kira a biki da mutuwa. Yana da shanu goma sha biyu da baki kamar an shafa masa zuma. Shekarar da ruwa ya ci gari, babana ne ya janyo masa shanun daga ambaliya, shi ya sa suka yi musayar rawani a gaban dattawa. A wurinmu wanda kuka yi musayar rawani da shi ya zama ɗan'uwanka na jini. Mutane sun yi ta tsegumi, wai ina ɗan babban gida ina mai taɓo, amma babana ya naɗe rawanin nan ya sa a ƙasan akwati, sai ranar biki yake fito da shi.

Kullum da yamma suna kan gadon igiya suna zuƙar taba suna tsokanar juna.

"Kai, sarkin taɓo," in ji Baffa, "mutanenka na tudu sun iya gina masai, amma ko sunan mutum ɗaya a cikinsu ka sani?"

"Naka fa, Yaya? Shekara dubu nawa suna surutu, ko murhu ba su bar mana ba."

Sai su kwashe da dariya har tari ya sarƙe su.

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, Baffa ya fara kwasar kayan babana a buhu, wai yana kai wa yara a kasuwar bikin shekara. Wata rana ina toya gurasa na ji ya ce, "Ƙanena, yi min doki mana. Kullum bijimi, kullum bijimi, ba ka gajiya?"

"Yaya, shekarata arba'in ina tsince-tsince a tudun nan. Na ga bijimi, na ga giwa, na ga kare. Doki dai ban taɓa gani ba."

"Don ba ka tona da zurfi ba ne. Ina aka taɓa manyan mutane ba doki? Waƙoƙinmu cike suke da shi. Yi kawai, abin wasan yara ne."

Babana ya yi. Kwana uku ya ɗauka a kansa, ya fitar masa da geza da wuya mai lanƙwasa, ya danna yatsansa a cikinsa.

Ashe ba wasu yara. Baffa binne kayan yake yi a garkensa, cikin toka da fitsarin shanu, su yi wata biyu su fito kamar sun shekara dubu, sannan ya miƙa wa wani dillali daga birni. Bijimai sun wuce lafiya. Dokin ne ya tona asiri, don attajirin da ya saya ya kai shi gaban wata masaniya yana taƙama, ita kuwa kallo ɗaya ta yi masa ta ce an cuce shi, mutanen Harappa ba su bar siffar doki ba.

Da hantsi 'yan sanda suka zo, suka tara mu a bakin rumfa. Dillali ya nuna Baffa. Baffa ko gezau.

"Ranka ya daɗe, ni da yumɓu? Dubi hannuna. Haka Ramfal ya ba ni, ya ce a tudu ya tono. Na yarda da shi ne don tausayi."

Babana ya dube shi kamar bai ji da kyau ba. "Yaya, rawaninka fa yana cikin akwatina."

"Rawani ai ƙyalle ne, Ramfal. A kasuwa ake sayar da shi."

Na yi ta ihu cewa a gabana aka yi maganar dokin, 'yan sandan suka ce shaidar 'ya ba shaida ba ce. Duk abin da Baffa ya faɗa a kan gadon igiya iska ta tafi da shi. Abin da babana ya taɓa kuwa yana nan, gasasshe. Suka shafa wa yatsansa tawada, suka gwada da na cikin dokin, ya yi daidai.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare, aka kuma rushe rumfar. Baƙin da ke gaishe shi da girma suka daina zuwa, yaran gari suka raɗa masa "mai tonon doki". Baffa ya ci gaba da kunna wuta a bukukuwa, ana durƙusa masa.

Babana bai zagi kowa ba, ni na yi zagin a madadinsa. Ya koma ginin randa da tulu, ya yi shekara tara yana yi, amma bai sake danna yatsansa a jikin komai ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Bimla, a tulu ruwa ake nema, ba suna ba."

Da ya rasu na bi tukwanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya ina kifewa, ina neman yatsansa. Tsofaffin duk sun farfashe, sababbin ƙasansu sumul. Wanda na san ya rage yana ɗakin ajiyar 'yan sanda, a cikin dokin nan, an rataya masa lambar shaidar laifi a wuya.