Farar Rigata a Jikin Bappa

A shekarata ta uku a jami'a, aikina da ɓeraye ne. Mukan ɗura musu tsimin saiwoyi, bayan kwanaki mu ɗebi jininsu mu auna abin da ya sauya, musamman alamun da zuciya ke bari a jini idan ta wahala. Wannan aikin na iya shi. Magana a gaban manya ce ban iya ba.

A lokacin ne Bappa, ƙanen mahaifina, ya shiga sayar da wani shayin gargajiya na ƙasar Sin. Mutumin da ko takardar cikin kwalin magani bai taɓa buɗewa ba. Ya ari farar rigata ta ɗakin gwaji, wai zai ɗauki hoto, shi ke nan ta zama tasa. Da ita yake zaga gidajen unguwar Nassarawo, hannunta ya tsaya masa a gwiwar hannu, mata na ce masa likita yana amsawa.

Dada, mahaifiyata, tana shan shayin saboda ciwon ƙafa. Sati biyu da farawa sai ta riƙa dafe ƙirji, tana cewa leɓenta kamar ba nata ba. Na dinga riƙe wuyan hannunta ina duban agogo, kafin shayi da bayansa, ina rubutawa a littafi. Bugun zuciyar yakan tsallake, ya yi jim, ya dawo a guje.

Na kai wa Bappa littafin, kaina a ƙasa. Ko karɓa bai yi ba.

"Maganin ne ke aiki," in ji shi. "Ciwon ne ke fita. Ke ai ɓeraye kika sani."

Dada ta ce, "Ba a musu da Bappa."

Wata Asabar na tarar da rigar a shanye a igiyar gidansa, ta sha bula. Na cire ta. A zauren gidanmu na sa, na ɗaura maɓallai har wuya, na shiga ɗakin Dada na maimaita abin da na riga na faɗa mata sau uku: shayin ne ke taɓa mata zuciya. Kalma ɗaya ban ƙara ba.

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ture kofin gefe.

"To me ya hana ki faɗa tun da wuri?"

Ranar muka je asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce kada shayin ya sake shiga bakinta. Sannu a hankali bugun ya daidaita.

Shi kuwa Bappa, tela ya ɗinka masa tasa, da aljihu mai cin biro uku.