Irin Dawar Maikano

Maikano maƙwabcinmu ne a Badafi, kuma duk duniya ba shi da abin tinƙaho sai irin dawar da mahaifiyarsa Tani ta bar masa. Kowace kaka yakan bi gona ya zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ya rataye su a madafa inda hayaƙi zai tsare su daga ƙwari. Dawar takan riga ta kowa nuna, tuwonta fari tas.

Shekarar da tsuntsaye suka addabi gari, shi ya miƙe a taron ƙungiyar manoma ya ce a riƙa shuka rana ɗaya, don kada ɓarna ta sauka kan mutum guda. Kowa ya yaba. Shi ne ma ya bi gida-gida har aka ba amininsa Ukasha shugabanci, mutumin da suke cin tuwo kwano ɗaya tun kafin su yi aure.

Ukasha na hawa ya ƙara wa maganar gishiri. Ya ce tunda daidaito ake so, iri ma dole ya zama ɗaya: kowa ya kai nasa gidan shugaba a gauraya, a raba mudu-mudu. Da Maikano ya fara ja da baya, sai Ukasha ya dafa kafaɗarsa.

"Malam Maikano, ba kai ka ce kada wani ya fi wani ba? In kai ka ƙi, wa zai kawo?"

Kunya ta sa ya kai duka, bai rage ko ƙwaya ba.

Gaurayen nan ya fito yadda ya ga dama, wata ta nuna, wata ko kai ba ta fitar ba. Tsuntsaye suka samu abin ci tun daga farko har ƙarshe, aka tashi kowa rumbunsa rabi. An dai daidaita ɗin.

Bayan kaka Maikano ya je kasuwar Tudun Wada, ya tsaya cak gaban wani buhu cike da dawar mahaifiyarsa. Mai awon ya ce daga wata gonar Ukasha ta can Tudun Wada take, inda dokar ƙungiya ba ta kai ba. Ashe dawar Maikano ba ta taɓa shiga gaurayen ba. Maikano ya roƙi tafi ɗaya, ya ƙulle a bakin riga.

Da damina ta faɗi ya shuka kunya biyu a bayan gida. Suka fitar da kai tun na kowa na ganye, magana kuwa ta kai ƙungiya. Har yau raina na ɓaci in na tuna safiyar da suka zo da lauje. Ukasha ne a gaba, ya gaishe shi da ladabi, har da tambayar iyali. Maikano ya roƙa a bar masa kara ɗaya ya nuna.

"Wallahi ina so," in ji Ukasha, "amma in na bar maka, na yi son kai."