Bindigar Cikin Kwalin Turare

Kafin na zo Dubai ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Da na gama sakandare kawuna ya samo mini aiki a wani shagon kago a Deira, muna ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kayansu ana aikawa gida.

Da kwalbar turare na fara sata. Sai mayafi, sai agogo. Na ƙware wajen yanka salatif in mayar da shi kamar ba a taɓa ba.

Wata rana na zare kwalin turaren wuta daga kayan wani Alhaji. Da na koma ɗakinmu a Hor Al Anz na buɗe, sai ga 'yar ƙaramar bindiga, kaɗan ta fi tafin hannuna, irin mai gidan harsashi da ke juyawa. In na mayar na tona wa kaina asiri, in na jefar ga kyamara ko'ina. Sai na ajiye ta.

Ban san yadda aka yi ta shiga raina ba. Tana ƙamshin turare, ga sanyi. In na juya gidan harsashin a hankali sai in ji kamar ina cikin kwale-kwale a tsakiyar ruwan Deira, babu mai tsawata mini, babu mai iya korata. Ina ta murmushi ni kaɗai.

Katako ne ya raba makwancina da na Anti Balki, mutuniyar Nijar mai aikin goge-goge. Takan ce, "Ke 'yar Kano, wannan fara'ar fa? Saurayi aka yi?"

"Kai Anti, ina na ga lokaci?"

"To, in ya samu ki kawo shi mu tantance."

Ranar Juma'a da rana na zazzage harsasan a kan zanin gado. Ban duba ba, ashe ɗaya ya maƙale. Na saita katakon ina wasa, na manta ba bangon bulo ba ne irin na gidanmu, sai na ja kunamar.

Ƙarar ban ji ta sosai ba. Abin da na ji muryar Anti Balki ce ta bayan katakon, ƙasa-ƙasa: "Yarinya, me na yi miki?"

A ƙugu harsashin ya same ta. Na faɗa wa 'yan sanda komai. Na yi zamana a kurkuku, yanzu an sake ni, jirgin da zai mayar da ni gida nake jira.

Anti Balki ta aiko cewa ta yafe. Na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa. Amma ba ta iya sunkuyawa, aikinta ya tafi, 'ya'yanta kuwa ita suke jira.

'Yan uwana matasa, don Allah kar ku buɗe kayan da aka ba ku amana. In kun ga makami ku nisance shi, ku sanar da hukuma ko da za ku ji kunya. Kunyar da na guje wa, wata ce take ɗingishi saboda ita.